Ƙanwata ta dawo gida, amma har yanzu kamar a tsare take

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanwata ce wasu mutane suka ɗauke, tana da shekara 19 a lokacin, suka kulle ta a ɗaki kusan shekara biyu. Allah ya kuɓutar da ita, ta dawo mana da goyon ɗa namiji. Mun ɗauka kuka ya ƙare, ashe da sauran rina a kaba.

Watanni ke nan da dawowarta, amma ba ta magana sai an tambaye ta. Ba ta barci sai fitila na kunne. Ƙarar mukulli kawai za ta ji ta zabura, jikinta ya ɗauki rawa. Ko banɗaki za ta shiga sai ta nemi izini. Mama ta hana ta leƙa ƙofar gida, dare na yi kuma sai ta kulle ɗakin da suke kwana ta zare mukullin. Baba bai taɓa ɗaukar yaron ba, in ya shigo ya gan shi sai ya kawar da kai. Wata rana ta ce akwai ɗaya daga cikin mutanen da yake kawo magani in yaron ba shi da lafiya, har takan yi masa addu'a. Baba ya yi faɗa kamar zai ari baki. Tun ranar ba ta sake ɗaga zancen ba.

Kwanan nan na kalli wani fim na wata mata da aka tsare shekaru, ta fito, danginta suka rasa yadda za su yi da ita. Can ƙarshe da ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata sai ta samu sauƙi. Na yi kuka sosai, don gidanmu na gani. Ina so in tara mu gaba ɗaya mu kalla, ba tare da na gaya mata labarin mene ne ba, ko Allah zai sa ta amayar da abin da ke cinta, Baba ma ya gane. Mijina ya ce kada in kuskura. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ce na aike ta ranar da aka ɗauke ta. Wani lokaci har haushinta nake ji in na ga duk ƙoƙarinmu ko murmushi ba ta yi, sai kuma in ji kunyar kaina. Anti me zan yi?

Daga wata Yaya mai damuwa.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya raya yaron nan, ke ma ya sanyaya miki zuciya. Bari in fara da tambayarki kai tsaye: a wannan karon maigidanki ne da gaskiya. Kada ki kunna mata fim ɗin, balle a ce ba ta san abin da za ta gani ba. Na san alheri kike nufi, shi ya sa zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, don dalilin zai yi miki amfani a wuraren da ba su shafi fim ba.

Ki yi tunanin abin da mutanen nan suka ƙwace mata. Sun raba ta da ku, sun ci zarafinta, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: kusan shekara biyu ba ta yanke shawarar komai a kanta ba. Lokacin kwanciya, lokacin tashi, abin da za ta ci, sa'ad da za a buɗe ƙofa, wanda zai shigo, duk wani ne ke yankewa. Izinin banɗakin da take nema ragowar wannan rayuwar ce. To in kika zaunar da ita gaban talabijin, aka rufe mata abin da ke tafe, ga idanun kowa a kanta ana jiran ta fashe da kuka, an sake yanke mata hukunci ke nan ba da saninta ba, wannan karon kuma daga hannun mutumin da ta fi yarda da shi. Duk abin da za ku yi mata daga yau, ku fara tambayar kanku: wannan zai ƙara mata iko da rayuwarta ne, ko zai rage?

Shi fim awa biyu gare shi, kuma marubucinsa dole ya samo wurin da mai kallo zai sauke ajiyar zuciya. Shi ya sa kusan kullum akwai wannan fitowar da jarumar ke fashewa da kuka ta faɗi komai, a rungume ta, gari ya waye. Shekarun da ke tsakani, na rashin barci da zuwa asibiti da komawa baya bayan an ɗauka an ci gaba, duk an datse su, don ba wanda zai zauna kallonsu. A zahiri tilasta wa mutum ya ba da labarin masifar da ya gani ba magani ba ne. An taɓa yayin tara waɗanda bala'i ya auka wa a sa kowa ya zayyana abin da ya faru a zama ɗaya, da aka bibiyi sakamakon sai aka ga bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara dagula musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Faɗin labarin yana warkarwa, amma a gaban wanda ya san aikin, a lokacin da mai shi ta shirya. Wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Herman, ta tsara matakan tun 1992, kuma har yau masu aikin nan da yawa suna bin su: da farko mutum ya samu aminci a jikinsa da wurin zamansa, sannan ya tuna abin da ya faru ya yi jimaminsa, sannan ya sake ƙulla alaƙa da mutane da harkokin duniya. Ke kina son tsallakawa mataki na biyu, alhali ƙanwarki na farkon ma bai kammala ba. Wadda ake kulle wa ƙofa da dare ba ta gama yarda cewa ta fito ba.

Abubuwan da kika lissafa, zabura da rashin barci da gudun zancen da zama shiru kamar ba ta wurin, alamomi ne sanannu na ciwon firgici da ke biyo bayan masifa, wanda likitoci ke kira PTSD. Tun 1980 aka shigar da shi cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, an ware wani nau'insa mai sarƙaƙiya da ya fi kama waɗanda suka daɗe cikin azabar da ba hanyar tsere mata, kamar tsarewa. Su ban da firgici, sukan ga kansu a matsayin marasa daraja, kusantar mutane ta yi musu wuya. Ba ni da hurumin cewa ga abin da ke damunta daga wasiƙa, aikin likita ne wannan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, rashin murmushin nan ba butulci ba ne, ba raunin imani ba ne. Jikinta ya koyi zama cikin shiri dare da rana don ta tsira, kuma bai samu labarin cewa haɗarin ya wuce ba tukuna. Ana kuma warkewa.

Saboda haka a kai ga asibiti, amma a tambaye ta, kada a ja ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da duba lafiyar jiki, ita da yaron: ƙarancin jini, cututtukan da ake ɗauka ta jima'i har da ƙanjamau da ciwon hanta, sannan allurar rigakafin da ya wuce yaron da takardar haihuwarsa in ba a yi ba. Ki tambaye ta ko ta fi son likita mace, da wanda take so ya raka ta, da ko tana so a shiga da ita ko a jira ta a waje. Daga nan a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ya saba aiki da masu wannan ciwo. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu na jinya ta hanyar zama da ƙwararre: wadda ake bi da mutum sannu a hankali ya fuskanci abin da ya faru ya gyara tunanin da ya maƙale masa, da wadda ake haɗawa da motsin ido, mai suna EMDR. Galibi zama takwas zuwa goma sha biyu ake yi, wanda ya daɗe a tsare kuma yakan buƙaci fiye da haka. Ku guji sayo mata ƙwayoyin barci irin su Valium da kanku. Suna kwantar da mutum na ɗan lokaci, ba sa taɓa tushen ciwon, ga saurin kama jiki. In ta ce ba za ta ga kowa ba, kada a yi rigima. Ke ki je ki ga ƙwararren, ki koyo yadda za ku zauna da ita, bayan 'yan makonni ki sake yi mata tayi. In babu ƙwararre kusa, likitan da ya duba ta zai iya tura ku, wasu kuma suna ganin marasa lafiya ta waya.

Wuri ɗaya ne ba a jira. In ta fara cewa gara ta mutu, ko ta huta da duniya, ko ta daina ci kwata-kwata, ko kika ga alamar za ta cutar da kanta ko yaron, ranar za a kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Kada ki ji tsoron tambayarta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Sai Mama. Ina tausaya mata ƙwarai. Shekara biyu ba ta san ko ta yi zaman makoki ko ta ci gaba da sauraren ƙofa ba, kuma irin wannan rashi marar tabbas yana cin mutum fiye da yadda ake zato. Mukullin nan nata tsoron ne yake magana. Amma ƙarar da ke kwantar wa Mama hankali ita ce ƙarar da ke mayar da 'yarta ɗakin can. Kada ki ce mata ta yi laifi, za ta ƙara riƙewa. Ki same ta ku biyu ki ce, "Mama, na lura duk sanda aka murza mukulli sai jikinta ya yi rawa. Me zai hana a ƙara wa ƙofar waje ƙarfi, shi kuma na ɗaki a ba ta a hannunta, ta kulle ta ciki in ta so, ta bari a buɗe in ta so?" Haka batun fita. A fara da tsayawa a bakin ƙofa, gobe 'yar tafiya kaɗan da ke, ita ce mai cewa a juya. Wanda aka hana fita don kada ya tsorata, tsoron ƙaruwa yake yi.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da ba sa cin ko sisi. A yi sallama a jira ta amsa kafin a shiga. Kada a taɓa ta ta baya. A bar mata fitilarta. In ta nemi izinin banɗaki, kada a yi dariya, kada kuma a yi kuka, a ce mata "gidanku ne" a wuce, ko sau ɗari ne. A riƙa ba ta zaɓi tsakanin abu biyu, don "me kike so?" a buɗe takan yi wa irinta nauyi. Masu zuwa jaje kuma, waɗanda rabinsu labari suka zo ji, ke ce za ki tare su. Ba wanda yake bin ta bashin bayani.

Maganar mutumin da take yi wa addu'a, na san ta yi wa Baba zafi, ke ma wataƙila. Abu ne da aka daɗe da sani. A watan Agustan 1973 wani ɗan fashi ya yi garkuwa da ma'aikatan banki huɗu a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin har kwana shida, da aka sako su sai aka ji suna tausasa harshe a kan wanda ya tsare su. Daga nan sunan birnin ya bi wannan hali, ko da yake likitoci ba su lissafa shi cikin cututtuka ba, ni ma ban so ku liƙa mata shi. Ki dube shi ta idonta: uwa ce da jariri yana zazzaɓi, ƙofa a kulle, mutum ɗaya ya miƙo magani. Zuciya ba ta manta wannan, ko da mutumin yana cikin azzaluman. Hakan bai wanke shi ba, bai kuma nuna ta yarda da abin da aka yi mata ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan ne karo na farko da ta buɗe ƙofar labarin da kanta, aka rufe ta da faɗa. In ta sake ɗagowa, ki ce "ina jin ki" kawai, ki bar ta ta tsaya inda ta ga dama. Kada ki bi da tambaya.

Baba ne mai wuyar. Ina zaton in ya kalli yaron nan, ranar da ya kasa kare 'yarsa yake gani, kuma maza da yawa in baƙin ciki ya rasa hanyar fita sai ya fito a faɗa. Na fahimce shi, amma ba zan ba shi gaskiya ba. Yaron bai zaɓi yadda ya zo duniya ba, jininku ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yanzu ƙarami ne, amma nan ba da daɗewa ba zai fara karanta fuska, zai san akwai wanda ke kawar da kai in ya gan shi. Uwarsa kuwa tun yanzu tana karantawa, kuma abin da take ji shi ne ita ce abin kunyar. Ki nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, wansa ko amininsa, wanda bakinsa ke da sakata, ya zauna da shi. Kada a ce sai ya so yaron, so ba a yin sa da umarni. Abu biyu za a roƙe shi: ya daina yi mata faɗa a kan duk abin da ta faɗa game da can, sannan ya ce mata da bakinsa, ko sau ɗaya, ba laifinta ba ne. Kalmar nan daga uba tana da nauyin da taki da ta Mama ba su da shi. Ga inda fim ɗinki zai iya amfani: ki ba Baba da Mama su kalla su kaɗai, in sun yarda, bayan kin gaya musu labarin mene ne. Mutum yakan ga kuskurensa a jikin wani da sauƙi fiye da a ce masa ga shi. In duk an yi haka gidan bai sauya ba, ki yi shawara da maigidanki ku yi mata tayin zama a wurinku na ɗan lokaci. Tayi na ce, ita za ta zaɓa.

Game da yaron, kada kowa ya kawo shawarar a raba su "don ta huta" sai in ita ta nema. Mai yiwuwa shi ne dalilin da ya sa ta rayu a can. Mai yiwuwa kuma wata rana ta kalle shi ta ji abin da ba ta so ta ji. Duka biyun suna faruwa a zuciya ɗaya. Ku riƙa karɓarsa ta samu barci, kada a yi mata wa'azi.

Yanzu ke. Kin aiki ƙanwarki kamar yadda kowace yaya ke aiken ƙanwarta, kamar yadda kika aike ta sau da dama ta je ta dawo lafiya. Waɗanda suka ɗauke ta su ne masu laifi, su kaɗai. Kina auna abin da kika yi ranar da ilimin da sai daga baya kika samu, kuma wannan ba adalci ba ne ga kanki. Ina jin ma wannan nauyin ne ke sa ki gaggawa: kina so ta warke da wuri don ke ma ki samu ki numfasa, in ba ta yi murmushi ba sai ki ji kamar hukuncinki ne bai ƙare ba. Daga nan haushin yake fitowa, haɗe da gajiya, kuma kusan duk mai jinyar ɗan uwa na dogon lokaci ya san shi. Ba ya mayar da ke muguwa. Ki faɗa wa maigidanki abin da kika faɗa mini, don daga amsarsa na ga mutum ne mai hangen nesa, in kin ga ƙwararren nan kuma ki ba kanki zama ɗaya ko biyu. Amma kada ki kai wa ƙanwarki wannan kayan yanzu kina kuka kina neman gafara, don sai ta koma lallashinki alhali ita ke buƙatar a riƙe ta. Lokacin wannan maganar zai zo.

Abin da za ki iya ce mata a makon nan gajere ne: "Ba sai kin gaya mini komai ba. Ranar da kika so, ina nan. In ba ki taɓa so ba, ba abin da zai canza tsakaninmu." Daga nan ki zauna kusa da ita kuna wani aikin hannu, ko kuna wasa da yaron, ba tare da kina leƙen fuskarta ba.

Kada ki auna sauƙi da murmushi. Ki duba ranar da ta shiga banɗaki ba ta tambayi kowa ba, ko ta yi barcin awa biyar a jere, ko ta ce "a'a" ga abin da ba ta so. Ranar da ta yi miki musu ma, ki yi hamdala a ranki. Za a kuma samu koma baya, musamman in lokacin da aka ɗauke ta ya zagayo, ko in maganar 'yan sanda da kotu ta taso. In ta taso, a nemi lauya ya yi mata bayanin abin da ke gabanta kafin ta amsa komai, kuma a raka ta. Nan gaba kaɗan za ki fara jin masu cewa a yi mata aure a rufa asiri, ko a mayar da ita makaranta ta manta. Karatu ko sana'a abu ne mai kyau in ita ta nuna sha'awa, a fara da kaɗan. Aure kuwa, a halin da take ciki, ki tsaya tsayin daka a ɗaga shi har sai ta iya cewa e ko a'a da bakinta ba don tsoron kowa ba.

Ki fara da Mama da mukullin, shi ya fi sauƙi kuma a daren farko za a ga bambanci ko rashinsa. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da Baba.